Tarihin Yunƙurin Raba Yanar Gizo da Cibiya Guda

Muhawara a kan ko ya dace hanyar sadarwa ta kasance da cibiya guda wadda kowane saƙo zai ratsa ta cikinta, ko kuwa a bar ta a warwatse tsakanin dubban na'urori waɗanda babu mai iko da su gaba ɗaya, ta girme wa yanar gizo da kusan shekara talatin, kuma fargabar yaƙin nukiliya ce ta haifar da ita. A farkon shekarun 1960, lokacin da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya yi ƙamari, wani injiniya mai suna Paul Baran, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta RAND da ke Kalifoniya, ya lura cewa layukan tarho na wancan zamani duk suna haɗuwa ne a wasu 'yan manyan tashoshi, ta yadda rushe kaɗan daga cikinsu ya isa ya katse magana tsakanin sassan ƙasa baki ɗaya. A rahoton da ya wallafa a 1964 ya zana siffofi uku na hanyar sadarwa: ta farko mai cibiya ɗaya tak, ta biyu mai ƙananan cibiyoyi da yawa da ke haɗe da juna, ta uku kuma mai siffar raga, inda kowace tasha ke haɗe da maƙwabtanta kuma saƙo ke iya sauya hanya idan ya tarar da wata a toshe. Ya ba da shawarar a riƙa yanka saƙo gutsure-gutsure, kowane gutsure ya nemi hanyarsa, sannan a harhaɗa su a inda za su sauka. Kamfanin AT&T, wanda ke riƙe da tarhon Amurka a lokacin, bai karɓi shawarar ba. A Birtaniya, Donald Davies ya iso ga irin wannan tunani da kansa a tsakiyar shekarun 1960, kuma shi ne ya raɗa wa gutsuren sunan da injiniyoyi ke kiransa da shi har yau, wato fakiti.

Ana yawan cewa an gina ARPANET, wadda ita ce kakar intanet, domin ta jure harin nukiliya, amma manufar waɗanda suka gina ta ta fi kusa da tsimi, domin abin da suke so shi ne jami'o'i su riƙa amfani da manyan kwamfutocin juna masu tsada. Ta fara aiki a Oktoba na 1969, kuma kafin ƙarshen shekarar tana da tashoshi huɗu, uku a Kalifoniya, ɗaya a Jami'ar Utah. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi ya zo ne daga baya, lokacin da Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa a 1974 tsarin da ya zama TCP/IP, wanda ARPANET ta koma kansa a ranar 1 ga Janairun 1983. Wannan tsari ƙa'idar sadarwa ce, wato rubutacciyar yarjejeniya da ke bayyana yadda na'urori za su yi magana da juna, kuma duk wanda ya bi ta zai iya shiga ba tare da neman izinin kowa ba. An tsara ta ne bisa ra'ayin cewa aikin hanyar da ke tsakiya shi ne kai fakiti kawai, ba tare da ta san abin da ke cikinsa ba, dabara da hukunci kuwa su zauna a na'urorin da ke bakin hanya. Daga wannan ra'ayi ne saƙon imel ya samo siffarsa, musamman bayan ƙa'idar SMTP ta 1982, wadda ta ba kowace makaranta ko ma'aikata damar riƙe akwatunan saƙonta amma ta iya aika wa kowa. Haka nan Usenet, zauren tattaunawa da ɗalibai biyu na Jami'ar Duke suka ƙirƙira a 1979, ya riƙa yaɗuwa ta hanyar kwafar saƙonni daga kwamfuta zuwa kwamfuta, yayin da FidoNet, wadda Tom Jennings ya fara a 1984, ta dogara da kwamfutocin mutane da ke kiran juna ta layin tarho cikin dare lokacin da kuɗin kira ya yi sauƙi. Ta wannan hanya ce ƙungiyoyi da masu bincike a ƙasashen Afirka da dama suka fara musayar imel a farkon shekarun 1990, kafin cikakkiyar intanet ta iso gare su.

Yanar gizo, wadda mutane kan rikita ta da intanet alhali ita ɗaya ce daga cikin abubuwan da ke gudana a kanta, ta samo asali ne daga takardar da Tim Berners-Lee ya rubuta a Maris na 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba. Ya ƙaddamar da ita ga jama'a a 1991, sannan a ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta sanar cewa kowa na iya amfani da fasahar kyauta. Akwai wata shawara ƙarama a ƙirarta wadda tasirinta ya zarce na kowace, ita ce barin rariyar liƙau, wato mahaɗin da ke kai mai karatu daga shafi zuwa wani, ta zama mai fuska ɗaya. Tsare-tsaren da suka gabace ta, irin su Xanadu na Ted Nelson, sun so kowane mahaɗi ya kasance sananne ga ɓangarorin biyu domin kada ya taɓa tsinkewa, abin da ke buƙatar wani kundi na tsakiya da zai riƙe lissafin komai. Berners-Lee ya yarda mahaɗi ya riƙa mutuwa idan an goge shafin da yake nunawa, domin a madadin haka kowa ya samu damar kunna uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye shafuka tana miƙa su ga masu nema, ya kuma nuna kowane shafi a duniya ba tare da ya tambayi mai shi ba. Wannan rangwame ne ya sa yanar ta bazu da saurin da babu wani kamfani da zai iya tsarawa. Sai dai tun a lokacin akwai cibiya guda da ba a kauce mata ba, ita ce tsarin sunayen shafuka na DNS wanda aka ƙirƙira a 1983, mai fassara sunan da mutum ya rubuta zuwa lambar adireshin na'ura. Tsari ne mai hawa-hawa da ke da tushe ɗaya, kuma hukumar ICANN da aka kafa a 1998 domin kula da shi ta ci gaba da aiki ƙarƙashin kwangilar gwamnatin Amurka har zuwa Oktoba na 2016.

Yadda cibiya ta dawo bayan an gina yana marar cibiya shi ne sashen tarihin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin babu wanda ya sauya ƙa'idojin, kuma har yau kowa na da 'yancin kunna uwar garkensa. Abin da ya faru shi ne ƙa'idojin sun amsa tambayar yadda za a wallafa, amma sun bar wasu tambayoyi huɗu a buɗe: yadda mutum zai gano abin da yake nema cikin miliyoyin shafuka, yadda za a tabbatar da ko wane ne ke magana, wanda zai kori masu zamba da cin mutunci, da wanda zai biya kuɗin wuta da na'ura. Duk kamfanin da ya amsa ɗaya daga cikinsu da kyau sai jama'a suka taru a ƙofarsa. Google, wanda aka kafa a 1998, ya amsa ta farko. Facebook a 2004, YouTube a 2005 da Twitter a 2006 sun sauƙaƙa wallafa da sanin juna ga wanda bai san komai game da na'ura ba. Amazon kuma daga 2006 ya fara ba da hayar ma'ajiya da ƙarfin kwamfuta, har ya zama ya fi sauƙi ga kamfani ya yi haya a can da ya sayi nasa. A kan wannan aka ƙara abin da masana tattalin arziki ke kira tasirin taro, ma'ana amfanin dandali yana ƙaruwa da yawan waɗanda ke cikinsa, don haka wanda ya riga ya tara jama'a yake ci gaba da tarawa, mai son fita kuma yana tsoron rasa abokan hulɗarsa. Ƙarancin lambobin adireshi na tsohon tsarin intanet ya sa yawancin layukan gida ba su da adireshi tsayayye da za a same su da shi daga waje, sannan wayar hannu ta zamani, bayan fitowar iPhone a 2007 da shagunan manhaja a 2008, ta mayar da mafi yawan mutane masu karɓa kawai. Girman abin da aka tara a wuri ɗaya ya bayyana a ranar 4 ga Oktoban 2021, lokacin da kuskure ɗaya a saitin na'urorin kamfanin Facebook ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram a duk duniya na kimanin awa shida.

Martani na farko mai ƙarfi ya zo daga masu musayar waƙoƙi. Napster, wanda Shawn Fanning ya fitar a 1999, ya bar fayiloli a kwamfutocin masu amfani da shi, amma ya riƙe jerin sunayen abin da kowa ke da shi a wurinsa, ya zama kamar dillalin da ba ya ajiye kaya amma shi kaɗai ya san gidan da kowace haja take. Da kamfanonin waƙa suka kai ƙara kan satar fasaha, kotu ta samu wanda za ta kama, kuma a Yulin 2001 dandalin ya rufe. Gnutella, wadda ta fito a Maris na 2000, ta cire jerin gaba ɗaya, kowace kwamfuta tana tambayar maƙwabtanta su kuma su tambayi nasu, sai dai tambayoyin sukan yi yawa har su cunkushe hanya. Maganin ya fito daga jami'o'i a 2001 da 2002, a tsare-tsare irin su Chord da Kademlia, waɗanda suka raba jerin kansa kashi-kashi tsakanin mahalarta bisa lissafi, ta yadda ana iya gano inda abu yake bayan 'yan tambayoyi kaɗan ko da mahalartan sun kai miliyoyi. BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, ya ƙara wata hikima ta zamantakewa, domin yana yanka babban fayil ƙanana-ƙanana, duk mai saukewa yana kuma miƙa wa wasu abin da ya riga ya samu, kuma manhajar tana fifita wanda ke bayarwa a kan mai karɓa kawai. Sakamakon haka, yawan masu neman fayil, wanda ke durƙusar da uwar garke ta gargajiya, a nan ƙara sauri yake yi. Wannan tsari na tsara da tsara, inda kowace na'ura take mai bayarwa kuma mai karɓa, yana aiki har yau, amma shi ma bai tsira daga matsalar nema ba, domin mutane sun koma dogaro da shafukan da ke jera abin da ake rabawa, kuma waɗannan shafuka ne hukuma ta bi, kamar yadda shari'ar masu Pirate Bay a Suwidin ta nuna a 2009.

A cikin waɗannan shekaru an ga yadda buɗaɗɗiyar ƙa'ida kan iya shuɗewa ba tare da an haramta ta ba. Ƙa'idar hira ta XMPP, wadda ta samo asali daga aikin Jeremie Miller a 1999, ta ba masu amfani da manhajoji daban-daban damar yin hira da juna. Google ya ɗauke ta a 2005, ya kawo mata jama'a masu yawa, sannan a 2013 ya koma wani tsari nasa na kansa. A wannan shekarar ce kuma ya rufe Google Reader, manhajar da mutane da yawa ke bibiyar shafuka da ita ta ƙa'idar RSS. Haka nan Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin kowane mai gina manhaja ya riƙe cikakken kwafin aikin a na'urarsa, ya ƙare da tara mafi yawan masu amfani da shi a dandali ɗaya, GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5.

Bitcoin ya tunkari tambayar da ta fi kowace wuya, wato yadda mutanen da ba su san juna ba za su yarda da kundin lissafi ɗaya ba tare da banki ko alƙali a tsakani ba. Takardar da wani ko wasu suka fitar da sunan Satoshi Nakamoto a ranar 31 ga Oktoban 2008, da tsarin da ya fara aiki a Janairun 2009, sun kawo bulokcen, wato kundin hada-hada wanda kowane shafinsa ke ɗauke da hatimin lissafi na shafin da ya gabace shi, dubban kwamfutoci kuma suna riƙe da kwafinsa, ta yadda sauya tsohon rubutu zai buƙaci ƙarfin na'ura da wutar lantarki fiye da na sauran mahalarta a haɗe. Ethereum, wanda Vitalik Buterin ya tsara kuma ya fara aiki a 2015, ya faɗaɗa tunanin zuwa yarjejeniyoyi masu zartar da kansu, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Gavin Wood, shi ne ya yi amfani da sunan Web3 a 2014 domin bayyana yanar da yake fatan a gina a kan wannan tushe. Nasarar lissafin gaskiya ce, amma alkawarin kawar da masu shiga tsakani bai cika ba, domin yawancin mutane ba sa iya tsare mabuɗan sirrin da ke ba su iko da kuɗinsu, sai suka damƙa dukiyarsu ga kasuwannin musaya, waɗanda rushewar Mt. Gox a 2014 da ta FTX a Nuwamban 2022 suka nuna cewa bankuna ne marasa mai sa ido. Haka kuma a 2016, bayan an wawashe kuɗin wani asusun haɗin gwiwa mai suna DAO, jagororin Ethereum da mafi yawan mahalarta sun amince a sauya kundin domin mayar wa mutane kuɗinsu, abin da ya tabbatar cewa bayan kowace ƙa'ida akwai mutane masu faɗa a ji. Duk da haka ba daidai ba ne a ce fasahar ba ta amfani kowa ba: a Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS a Najeriya, masu tara gudunmawa sun koma karɓar Bitcoin bayan an toshe hanyoyinsu na banki.

Tonon asirin da Edward Snowden ya yi a Yunin 2013, wanda ya bayyana yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke samun bayanai daga manyan kamfanonin intanet, ya mayar da batun daga taron injiniyoyi zuwa bainar jama'a. A Yunin 2016 Brewster Kahle, wanda ya kafa ma'adanar Internet Archive, ya kira taro a San Faransisko kan sake gina yana marar cibiya, inda Berners-Lee da Cerf suka halarta. Daga cikin abubuwan da suka yi fice a wannan zango akwai IPFS na Juan Benet, wanda ke kiran fayil da hatimin abin da ke cikinsa a maimakon adireshin na'urar da yake kai, don haka duk mai kwafi zai iya miƙa shi kuma mai karɓa zai iya tabbatar da cewa ba a taɓa shi ba. An yi amfani da shi wajen ajiye kwafin Wikipedia ta harshen Turkanci bayan Turkiyya ta toshe shafin a Afrilun 2017, amma rauninsa shi ne fayil yakan ɓace idan babu wanda ya ɗauki nauyin ci gaba da riƙe shi. Berners-Lee shi ma ya fito da Solid, tsarin da ke son kowane mutum ya riƙe bayanansa a ma'ajiyar da ya zaɓa, manhajoji su riƙa neman izininsa kafin su karanta.

Hanyar da ta fi samun gindin zama a fagen sada zumunta ita ce ta tarayya, wadda ta yi daidai da siffa ta biyu a zanen Baran kuma ta gaji tsarin imel: ƙananan dandali masu zaman kansu, kowanne da shugabanninsa da dokokinsa, amma suna magana da juna da ƙa'ida ɗaya. Bayan ƙoƙarin Identi.ca a 2008 da Diaspora a 2010, waɗanda ba su tara jama'a sosai ba, Eugen Rochko ya fitar da Mastodon a Jamus a 2016, sannan a Janairun 2018 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ActivityPub a matsayin ma'auni. Muhimmancin wannan tsari yana cikin yadda ya fuskanci tambayar tsawatarwa, wadda magabatansa suka yi biris da ita. Kowane dandali yana da ikon yanke hulɗa da wanda ya zama matattarar cin zarafi, kamar yadda da yawa daga cikinsu suka yi wa dandalin Gab a 2019 lokacin da ya koma amfani da manhajar Mastodon, kuma mai amfani da bai gamsu da shugabannin dandalinsa ba yana iya ƙaura zuwa wani tare da mabiyansa. Wannan damar fita ba tare da rasa jama'a ba ita ce ainihin ribar da dukkan wannan tarihi ya samar, kuma ta fi kusa da abin da za a iya cimmawa fiye da mafarkin duniyar da babu babba a cikinta. Farashinta kuwa yana kan masu aikin sa kai da ke biyan kuɗin uwar garke daga aljihunsu suna kuma karanta ƙorafe-ƙorafe, kuma idan ɗayansu ya gaji ya rufe, rubuce-rubucen mutanensa kan tafi tare da shi. Sayen Twitter da Elon Musk ya yi a Oktoban 2022 ya tura ɗimbin mutane zuwa Mastodon, daga baya kuma zuwa Bluesky, wanda ya taso daga wani shiri da Jack Dorsey na Twitter ya sanar a 2019 kuma ke da tasa ƙa'idar daban. Shigowar dandalin Threads na kamfanin Meta, mai Facebook, cikin ActivityPub daga 2024 ta raba kan masu tarayyar, domin waɗanda suka tuna abin da ya sami XMPP suna ganin babban baƙo na iya cika gida sannan ya fice da jama'ar.

Abin da ya faru a Yammacin Afirka ya nuna iyakar duk waɗannan fasahohi. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, umarni ga kamfanonin sadarwa ya wadatar wajen rufe dandali guda, abin da zai yi wuya a yi wa dubban ƙananan dandali. Ita kanta gwamnatin ta buɗe shafi a dandalin Koo na Indiya, wanda ya daina aiki a 2024. Amma a Satumban 2021, da aka kashe layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita saboda matsalar 'yan bindiga, da kuma lokacin da aka ɗauke intanet ta wayar hannu a Nijar bayan zaɓen Fabrairun wannan shekarar, babu wata ƙa'idar tarayya ko bulokcen da za ta yi amfani, tunda dukkansu a kan turakun sadarwa da wayoyin kamfanoni 'yan ƙalilan suke tafiya. Lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu a gaɓar Yammacin Afirka a ranar 14 ga Maris na 2024, wadda ta raunana intanet a ƙasashe da dama lokaci ɗaya, ta nuna cewa ragar da Baran ya zana ba ta kai ga wannan yanki da cikakkiyar siffarta ba.

A 'yan shekarun nan wani ɓangare na gwagwarmayar ya koma hannun 'yan majalisa. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda aka amince da ita a 2022, ta ayyana wasu manyan kamfanoni a matsayin masu tsaron ƙofa, kuma a Satumban 2023 aka sanya Alphabet mai Google, Amazon, Apple, ByteDance, Meta da Microsoft a wannan rukuni. Daga cikin abin da ta wajabta akwai barin mutum ya kwashe bayanansa zuwa wani dandali, da buɗe manyan manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp domin su karɓi saƙo daga wasu manhajoji, wato tilasta wa kamfani da doka abin da imel ke yi tun 1982 bisa yarjejeniya. Dokar ta shafi masu amfani da ke cikin Tarayyar Turai ne kawai, don haka ɗan kasuwa a Kano ko Maraɗi, wanda cinikinsa da hulɗarsa da abokan ciniki suka rataya a kan WhatsApp, ba ya cikin waɗanda ta ba wannan haƙƙi.